Girkin Japan a Gidan Musulmi: Me Zai Shiga Tukunya, Me Zai Tsaya a Ƙofa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad, da alayensa da sahabbansa.

A 'yan shekarun nan abincin ƙasar Japan ya shigo gidajenmu ta ƙofar da ba mu sa wa mai gadi ba, wato wayar hannu. Yara suna ganinsa a finafinan katun na Japan, ɗalibai suna kallon yadda ake haɗa shi a bidiyon girke-girke, manyan kantunan Abuja da Legas kuma sun fara jera kwalabe da ƙunshe-ƙunshe masu rubutun da ba ma iya karantawa. Daga nan sai wata ranar hutu iyali su yanke shawarar yin girkin Japan a gida: uwargida a madafa, 'yan mata suna yanka kayan lambu, samari suna koyon riƙe tsinkayen cin abinci, maigida yana jiran ya ga abin da zai fito.

Wannan nishaɗi ne mai kyau, kuma yana haɗa kan iyali. Sai dai akwai abin lura. Girkin Japan yana daga cikin girke-girken duniya da barasa ta fi shiga cikinsu a ɓoye, a matsayin kayan ɗanɗano na yau da kullum. Mutumin da bai taɓa kusantar giya ba tun da aka haife shi yana iya zuba ta a tukunyar 'ya'yansa da hannunsa, don kawai mai bidiyo ya ce a zuba cokali biyu na wani abu mai suna mirin. Mun kuwa san hadisin da Muslim ya ruwaito game da matafiyin da ke ɗaga hannuwa yana roƙon Allah alhali cinsa da shansa haram ne, da yadda aka nisanta karɓuwar addu'arsa.

Asalin abinci halal ne

Kafin mu shiga kwalabe, ya kamata mu kafa tushe. Ƙa'idar malamai ita ce asalin abinci halacci ne har sai dalili ya zo da haramci. Baƙuntar abinci ba ta haramta shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) cuku a Tabuka, sai ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito ƙissar damon da aka gasa aka ajiye a gabansa: bai ci ba saboda babu shi a ƙasar mutanensa kuma ransa bai so shi ba, amma Khalid bin Walid ya ci a gabansa bai hana shi ba.

Darasi biyu ke nan ga iyali. Wanda ya so ya ɗanɗana abincin wata al'umma, ƙofa a buɗe take. Wanda kuma ransa ya ƙi ganyen teku ko wani abu da bai saba da shi ba, ba a tilasta masa, shi ma kada ya kushe wa masu ci, domin Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba.

Yadda teburin Japanawa yake

Japanawa suna kiran girkinsu na gargajiya washoku, kuma a watan Disamban 2013 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Tsarinsa na asali shi ne miya ɗaya da mahaɗi uku, a gefen farar shinkafa da ɗan kayan lambun da aka tsima a gishiri. Kowa da nasa ƙananan kwanoni. Shinkafa ce uwar tebur, har kalmar gohan tana nufin dafaffiyar shinkafa kuma tana nufin abinci gaba ɗaya, kamar dai yadda Bahaushe kan ce ya fita neman tuwo.

Tarihi ne ya gina wannan tsari. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawakai da karnuka da birai da kaji a watannin noma, ƙarƙashin tasirin addinin Buddha, kuma ƙyamar naman dabbobin gida ta daɗe a ƙasar ɗaruruwan shekaru. Sai a 1872 aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa, abin da ya buɗe wa jama'a ƙofa. A tsawon wannan lokaci Japanawa sun dogara ga kifi da waken suya da shinkafa da ganyaye. Wannan ya zama sauƙi ga Musulmi, domin tsohon girkinsu kusan babu alade a cikinsa. Alade ya yawaita ne a girke-girken da suka bayyana daga baya.

Wasu kayan nasu ma ba baƙi ba ne a wurinmu. Abin da suke kira tofu shi ne awararmu. Natto, waken suyan da suke ruɓarwa su ci da safe, ɗan'uwan daddawa ne, irin ƙwayar halitta guda ce ke aikin ruɓar da su. Suna cin kuɓewa, suna son yauƙinta. Riɗin da suke barbaɗawa a abinci kusan dukkansa daga waje suke sayo shi, kuma Najeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke sayar musu. Farin magin da ke madafanmu kuwa asalinsa daga can ne: a 1908 wani masanin sinadarai na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romon ganyen teku daɗinsa, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami, shekara guda bayan haka aka fara sayar da Ajinomoto.

Abin da ke fitowa daga teku

A nan mabiya mazhabar Imam Malik suna da yalwa. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya bayyana cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A kan wannan Malikiyya suka halatta dukkan dabbobin ruwa ba tare da yanka ba: kifi, jatan lande, ƙaguwa, kawa, har da dabbar nan mai hannaye takwas da Japanawa ke so ƙwarai. Shafi'iyya da Hanabila suna kusa da wannan matsayi tare da 'yan togace-togace. Hanafiyya kuwa kifi kaɗai suka halatta, don haka idan akwai baƙo Bahanafe a tebur, kyautatawa ce a sanar da shi abin da ke cikin kwano. Ganyen teku, irin su nori da ake naɗe sushi da shi da kombu da ake romo da shi, tsiro ne, babu saɓani a kansa.

Cin kifi ɗanye halal ne a asali, domin dafuwa ba sharaɗin halacci ba ce. Matsalarsa tana wajen lafiya, kuma Shari'a ta hana mutum cutar da kansa ko waninsa. Kifin da ake yin sashimi da shi kifin teku ne da ake kula da sanyinsa tun daga jirgin kamun kifi har zuwa faranti. Duk da haka ma'aikatar lafiya ta Japan tana gargaɗi a kan tsutsar anisakis, tana ba da shawarar a daskarar da kifi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, ko a dafa shi. Ta kuma bayyana cewa gishiri da ruwan khal da yajin wasabi ba sa kashe tsutsar. Tarwaɗa da karfasa da sauran kifayen kogi da dam ba a cin su ɗanye ko kaɗan, saboda tsutsotsin da suke ɗauke da su. Kifin kanti da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa saboda ɗaukewar wuta shi ma haka. Sushi dai sunan shinkafar da aka cuɗa da khal ne, kuma tana tafiya daidai da dafaffen kifi ko ƙwai ko kokwamba. Iyalin da ke da yara ƙanana ko mai juna biyu su tsaya a nan.

Kwalabe huɗu

Ɗanɗanon girkin Japan ya dogara ne ga kwalabe huɗu, kuma hukuncinsu ya bambanta.

Ta farko ita ce sake, giyar shinkafa, wadda barasarta ke kai kusan kashi 15 cikin ɗari. Ana zuba ta a nama da kifi don kashe ƙarni. Wannan giya ce ba tare da wata tantama ba. Akwai wadda ake ƙara wa gishiri a sayar da ita da sunan ta girki, amma gishiri bai fitar da ita daga asalinta ba.

Ta biyu ita ce mirin, kuma ita ce ta fi yaudarar mutane domin zaƙi ne da ita, kamanninta kuma kamar zuma mai ruwa. Mirin ta ainihi tana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, dokar harajin giya ta Japan tana ƙidaya ta cikin giya, kuma a zamanin da ana shan ta a matsayin giya mai zaƙi. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya kafa ƙa'ida cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Akwai wani nau'i na kwaikwayo da barasarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, akwai kuma wanda aka yi musamman da shaidar halal. Wanda ya samu mai shaidar halal ya huta.

Masu bidiyon girki sukan ce barasa tana ƙonewa a wuta. Binciken da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar da aka zuba yana nan, bayan awa guda kusan kashi 25, sai bayan awa biyu da rabi take sauka zuwa kusan kashi 5. Miyar teriyaki kuwa 'yan mintuna take yi a kasko. Ban da haka, haramcin giya bai tsaya ga shanta ba. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kanta ya haɗa da mai sayarwa da mai saye da mai ɗauka. Kwalbar ma ba ta da wuri a gidan Musulmi.

Ta uku ita ce shoyu, baƙin ruwan waken suya mai gishiri. Ana yin sa da waken suya da alkama da gishiri, a bar su su tsimu watanni, kuma a cikin tsimuwar ana samun 'yar barasa da ke kai kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. A nan malamai na zamani sun yi bayani. Majalisun fatawa na Malesiya da Indonesiya sun bambanta tsakanin abin da aka yi shi don ya zama giya da barasar da ke samuwa da kanta yayin tsimuwar abinci, kamar yadda take samuwa a ƙullin burodi ko a nunannen 'ya'yan itace. Shoyu ba a yin sa don sha, kuma gishirinsa zai cutar da mutum tun kafin ya sha abin da zai bugar da shi. Da yawa sun halatta shi a kan wannan, wasu kuma sun zaɓi tsantseni. Abin da ya fi buƙatar lura shi ne wasu kamfanoni suna ƙara barasa daga baya don kada ya lalace, kuma haka ake yi wa wasu nau'o'in miso, wato ƙullin waken suyan da ake miya da shi. Kamfanoni da dama, har da Kikkoman, suna fitar da shoyu mai shaidar halal, kuma shi ne mafita daga saɓani.

Ta huɗu ita ce khal ɗin shinkafa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗi. Kowane khal yakan bi ta matakin barasa kafin ya yi tsami. Idan giya ta juye da kanta ta zama khal, malamai sun haɗu a kan tsarkinsa. Idan da gangan aka juya ta, Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hanabila sun hana, mashahurin zance a Malikiyya kuma shi ne ya tsarkaka. Khal ɗin shinkafa zalla ba shi da matsala a wurin mafi yawan masu fatawa a yau. Wanda aka riga aka haɗa don sushi ne ake dubawa, domin wani lokaci akwai mirin a ciki.

Inda alade ke ɓuya

Ramen, taliyar da yara suka fi nema, ita ce ta fi hatsari. Romon tonkotsu ƙashin alade ne da aka tafasa sa'o'i masu yawa, yankan naman da ake ɗorawa a kai ma yawanci na alade ne. Ko romon da aka ce na kaza ne, sau da yawa ana haɗa shi da na alade. Tonkatsu soyayyen naman alade ne, gyoza kuma yawanci da shi ake cusa ta. Dunƙulen kori na Japan da ake sayarwa a kwali yakan ƙunshi kitsen alade ko na shanun da ba a yanka bisa Shari'a ba. Alewa da kayan zaƙi masu danƙo kuma sukan ƙunshi gelatin na alade.

Mafi yawan Japanawa mabiya Shinto da Buddha ne, ba Ma'abota Littafi ba, don haka naman da aka sarrafa a can yana buƙatar shaidar halal ko da na kaza ne ko na sa. Mai sayayya zai amfana da haddace alamomi biyu a jikin kwali: 豚 tana nufin alade, 酒 tana nufin giya. Idan ta biyun ta zo a haɗe kamar haka, 酒精, barasa ce aka ƙara. Wayar da ta kawo mana sha'awar girkin tana iya fassara rubutun kwali da kyamararta cikin daƙiƙa kaɗan.

Abincin dare na mutum shida

Da kayan kasuwarmu da kwalbar shoyu guda mai shaidar halal, iyali za su iya shirya tebur cikakke.

A fara da shinkafa. Ta Japan gajera ce mai danƙo, kuma shinkafar tuwo ta fi kusa da ita. A wanke ta har ruwan ya kusa yin fari tas, a jiƙa ta minti 30, a ɗora da ruwan da ya ɗan ɗara yawanta kaɗan, ba gishiri ba mai. Idan ta tafasa a rage wuta kamar minti 12, a sauke a bar ta a rufe minti 10.

Sai romo, wanda suke kira dashi. Na asali ana yin sa da kombu da kankararren busasshen kifin katsuobushi, wanda ake dafawa a banda shi a busar. Japanawa suna kuma yin romo da ƙananan busassun kifaye, don haka kifin banda mai kyau ko ƙananan busassun kifi da aka cire wa kai da ciki za su wadatar. A tace romon, a zuba awara ɗanya da aka yanka ƙanana da lawashi. Idan an samu miso mai tsabta, a dama shi a ciki bayan an sauke, domin tafasa tana kashe ƙamshinsa. Idan babu, shoyu kaɗan da gishiri sun isa.

Babban mahaɗi shi ne kazar teriyaki. A soya cinyoyin kaza da aka zare wa ƙashi, ɓangaren fata a ƙasa, har su yi ja. A haɗa shoyu cokali huɗu, ruwa cokali huɗu, zuma ko sukari cokali biyu, khal rabin cokali da 'yar citta, a zuba a kasko, a yi ta juyawa har miyar ta yi kauri ta manne wa naman. Aikin mirin shi ne ba da zaƙi da sheƙi, zuma kuwa tana yin duka biyun.

Mahaɗi na biyu alayyafo ne da aka tsoma a tafasasshen ruwa minti guda, aka matse, aka cuɗa da soyayyen riɗin da aka daka da shoyu da ɗan sukari. Na uku wainar ƙwai ce mai ɗan zaƙi da ake soyawa sirara-sirara ana naɗewa. Idan an samu nori, a cuɗa wani ɓangare na shinkafar da khal da sukari da gishiri, a jera dafaffen kifi da kokwamba da karas, kowane yaro ya naɗe nasa da hannunsa. Wannan shi ne abin da yara za su daɗe suna tunawa.

Ladubban ci

A teburin Japanawa akwai abubuwan da Musulmi zai ga kamar ya san su. Suna goge hannu kafin ci, a gargajiyance a ƙasa suke zama, kuma suna koya wa yaro kada ya bar ƙwayar shinkafa ko ɗaya a kwano. Suna da kalmar mottainai, wadda ke nuna takaicin ɓarnatar da abu mai amfani, suna kuma da tsohuwar shawara cewa mutum ya tsaya da ci idan cikinsa ya kai kashi takwas cikin goma. Mu kuwa muna da umarnin suɗe kwano da ɗauke lomar da ta faɗi, da hadisin Tirmizi da ya raba ciki uku: abinci, abin sha da numfashi. Dama ce ga iyaye su nuna wa 'ya'yansu cewa abin da suke yabawa a wurin wasu yana cikin Sunnar da suka gada.

Akwai kuma inda za mu riƙe namu. Japanawa sukan haɗa tafukan hannu kafin ci su ce itadakimasu, ma'ana suna karɓa da ƙanƙan da kai, kuma da yawa suna fassara ta da godiya ga wanda ya dafa da kuma rayukan da aka ci. Yaranmu sun iya ta daga katun. Musulmi yana buɗe cinsa da Bismillah, ya rufe da Alhamdulillah, sannan ya gode wa wadda ta sha hayaƙi ta dafa. Tsinkayen ci ba su da laifi muddin suna hannun dama. Sai dai al'adarsu ita ce a riƙe kwano da hagu a kurɓi miya daga bakinsa, don haka mu sai mu ajiye tsinkayen mu ɗaga kwanon da dama.

'Yan'uwanmu na can

Tambayoyin da muke yi a madafanmu, Musulmin Japan sun daɗe suna fama da su kullum. Masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935, yana nan tsaye bayan ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. Masallacin Tokyo, wanda Musulmin Tatar da suka yi hijira daga Rasha suka gina a 1938, an sake gina shi da taimakon Turkiyya aka buɗe a shekarar 2000. A 1972 Alhaji Umar Mita ya fitar da tarjamar ma'anonin Alƙur'ani da harshen Japan. Farfesa Hirofumi Tanada na Jami'ar Waseda ya ƙiyasta cewa Musulmin ƙasar sun haura dubu 200 a wajajen 2020. Buƙatarsu, tare da ta baƙi masu yawon buɗe ido daga Malesiya da Indonesiya, ita ta haifar da shagunan ramen na halal da shoyu da miso marasa ƙarin barasa da mahautan da ke yanka shanun wagyu bisa Shari'a. Kwalbar da muke ɗauka a kanti mai tambarin halal, albarkacin haƙurinsu da naciyarsu ce.

Don haka idan yara suka zo da roƙon a yi girkin Japan, uwargida ta karɓa da fara'a, maigida ya ba da kuɗin cefane, a kuma sa babban yaro ko babbar yarinya aikin karanta jikin kowace kwalba kafin a saya. Yaron da ya koyi tambayar abin da ke cikin kwalba a gaban mahaifiyarsa, shi ne zai yi tambayar a ranar da karatu ko kasuwanci ya kai shi Tokyo ko Osaka shi kaɗai. Inda aka samu shakku a kan wani kaya, a tambayi malami, ko a bar shi a ɗauki wanda babu shakka a cikinsa.

Allah Ya ciyar da mu halal mai daɗi, Ya sanya albarka a tukwanenmu da zuriyarmu. Allah ne Mafi sani.